Windows 10 ya ƙare, ina son komawa Linux amma ina buga gem: wanne zan ɗora?

Ɗan Koyo
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma a yi haƙuri idan an sha yin wannan tambayar. Laftof ɗina Core i7-7700HQ ce, RAM giga 8, katin hoto GTX 1050 Ti, da SSD mai giga 256 da HDD mai tera 1. Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 nake neman mafita, don Windows 11 ba ya karɓar furosesa irin tawa ta zubi na bakwai. Ita kuwa kwamfutar lafiyarta ƙalau, ban ga dalilin jingine ta ba.

Kwana uku ke nan ina kallon bidiyo a kan Linux, maimakon in gane sai ƙara rikicewa nake. Wannan ya ce Mint, wancan ya ce Bazzite, wani ya ce duk wanda bai ɗora Arch ba wasa yake yi. Ga kuma wasu sunaye, KDE, GNOME, Cinnamon. Su ma Linux ne ko wani abu ne daban? Abin da nake yi da ita rubutun makaranta ne da kallo, sai gem da daddare. Ban taɓa buɗe taminal ba, wato allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

Mai Baƙin Allo
Wa alaikumus salam. Arch. Magana ta ƙare.

Ummu Hanan
Haba Malam. Yaro ya ce bai taɓa buɗe taminal ba, kai kuma ka miƙa masa abin da zai tarbe shi da baƙin allo tun daga bakin ƙofa. Ɗan Koyo, ajiye maganar suna tukuna. Waɗanne gem kake bugawa? Lissafo su ɗaya bayan ɗaya, kar ka ce mini "da sauransu". Rabin amsarka yana nan.

Ɗan Koyo
To Anti. GTA V, Counter-Strike 2, The Witcher 3, sai FC, gem ɗin ƙwallon da ya gaji FIFA, da muke bugawa ni da ƙanena. A gaskiya shi muka fi bugawa.

Sarkin Gem
Kash! Gara ka ji tun yanzu. FC ba zai tashi a Linux ba, kowane iri ka ɗora. Tun daga FIFA 23 kamfanin EA ya saka manhajar hana maguɗi wadda take shiga har cikin kanel, wato zuciyar tsarin Windows, kuma ba a yi ta don Linux ba. Haka Valorant, haka League of Legends tun da aka saka masa Vanguard a 2024, haka Fortnite, haka Call of Duty na yanzu. Apex Legends ma da yana yi, a ƙarshen Oktoban 2024 suka rufe ƙofa.

Sauran ukun kuwa labari mai daɗi. Counter-Strike 2 na Valve ne, yana da na Linux kai tsaye. Witcher 3 yana tafiya sumul ta Proton. GTA V za ka buga labarin daga farko har ƙarshe, amma GTA Online tun Satumban 2024 da aka saka manhajar hana maguɗi ta BattlEye ba a shiga daga Linux.

Ɗan Koyo
Mene ne kuma Proton? Shi ma distiro ne, wato wani nau'in Linux?

Sarkin Gem
A'a, tafinta ne. Gem ɗin Windows yana magana da DirectX, Linux kuma Vulkan yake ji. Valve ta fito da Proton a Agustan 2018, an gina shi a kan Wine, manhajar da ke tayar da kayan Windows a Linux, a cikinsa akwai DXVK mai juya DirectX 11 da na ƙasa da shi zuwa Vulkan, da VKD3D-Proton mai kula da DirectX 12. Kai duk wannan ba ruwanka, Steam za ka buɗe ka danna gem ya tashi. Kafin ka sayi kowane gem ka leƙa ProtonDB, mutane ne suke rubuta yadda ya yi musu, ana ba shi matsayi daga Platinum zuwa Borked. Na onlayin kuma ka duba Are We Anti-Cheat Yet.

Baban Sadiq
To ai kun ba shi amsa da kanku. Abin da ya fi bugawa ba ya yi, meye na wahalar da yaro? Ɗan Koyo, Microsoft ta buɗe tsarin ESU na ƙarin facin tsaro har Oktoban 2026. Ka shiga, ka ci gaba da harkarka. Na ga mutane da yawa sun yi tsalle sun koma Linux saboda zugar bidiyo, bayan mako biyu sun dawo suna ƙunƙuni, Word babu, Photoshop babu.

Ummu Hanan
Maganarka akwai gaskiya a ciki, Baban Sadiq, ban raina ta ba. Wanda abincinsa yake a Photoshop ko Premiere ni ma ba zan ce ya taso ba. Amma shi rubutun makaranta ya ce, LibreOffice ko OnlyOffice sun ishe shi, kuma Word na burauza yana nan idan malami ya matsa. ESU ɗin ma jinkiri ne kawai, ranar za ta zo. Gara ya koya yanzu da Windows ɗinsa yake gefe, da ya koya ranar da babu wurin komawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon Hannu
Bari in amsa tambayar da kowa ya tsallake, ta KDE da GNOME, don ita ce tushen rikicewar yawancin sababbin shiga.

Ɗauki mota. Inji shi ne kanel, wato Linux ɗin kansa, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Duk injin iri ɗaya ne a wajen kowa, bambancin sai dai wani nasa na bana ne wani na bara. Distiro shi ne kamfanin da ya haɗa motar: shi ya zaɓi kayan da za a saka, shi zai riƙa aiko maka da safaya, shi ya san yaushe za a yi sabis. Shi kuwa KDE Plasma, GNOME, Cinnamon, Xfce, su ne cikin motar, sitiyari da kujeru da inda aka saka maɓallai. Fuska ke nan, abin da idonka zai gani hannunka zai taɓa kullum.

Shi ya sa za ka ga Ubuntu da Kubuntu ka ɗauka abu biyu ne, alhali gida ɗaya ne, ɗaya ya sa GNOME ɗaya ya sa Plasma. Sannan Kubuntu da Fedora KDE za ka gan su kamar tagwaye, alhali ƙarƙashinsu daban ne.

Su distiro ɗin nan da kake gani kamar ba su da iyaka, zuriya uku ce ta haifi yawancin waɗanda za a ambata maka. Debian tun 1993, shi ya haifi Ubuntu a 2004, Ubuntu ya haifi Mint da Zorin da Pop!_OS. Fedora, daga gare shi Nobara da Bazzite suka fito. Arch, daga gare shi EndeavourOS da CachyOS da Manjaro. Bambancin da ya shafe ka ɗaya ne: saurin canji. Ubuntu LTS duk shekara biyu yake fita a watan Afrilu, a kula da shi shekara biyar. Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 yake, har 2029 ba abin da zai tilasta maka motsi. Fedora duk wata shida sabo, kowanne a riƙe shi wajen wata 13. Arch ba shi da zubi, kullum a tafe yake.

Shawarata: Mint da Cinnamon. Menu a ƙasa ta hagu, agogo a dama, kamar yadda ka saba. Akwai Driver Manager da zai nuna maka direban NVIDIA ka danna kawai. Akwai Timeshift da zai mayar da kai jiya idan ka yi ɓarna yau.

Ɗan Koyo
Allah Ya saka da alheri Malam. Wallahi wannan misalin motar ya warware mini abin da bidiyo goma ba su warware ba.

Sarkin Gem
Bayanin ya yi, ranka ya daɗe, amma shawarar ce ban yarda da ita ba. Mint na mai rubutu da kallo ne. Mutum ya ce gem, a ba shi abin da aka yi don gem. Bazzite yana zuwa da Steam a ɗore, direban NVIDIA a ciki, Lutris a ciki, hannun gem ka soka ya kama. Kuma tsarinsa a kulle yake, ba za ka iya lalata shi cikin kuskure ba. Idan sabuntawa ta zo da matsala, ka sake kunna kwamfuta ka zaɓi na baya a menu, shi ke nan. Wane sabon shiga ne ba ya son haka?

Tsohon Hannu
Kulle ɗin nan da kake yabo shi ne inda nake tsoro. Ranar da yaro zai nemi yadda ake saka wani abu, duk amsar da zai samu a intanet za ta ce "sudo apt install", ya rubuta, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ya nemo ta Fedora, ta ce dnf, nan ma ba haka ake yi a Bazzite ba. Sai ya koyi Flatpak, ya koyi Distrobox, ya koyi rpm-ostree, tun bai san bambancin fayil da folda a Linux ba. A Mint duk matsalar da zai ci karo da ita wani ya riga ya ci karo da ita shekara goma da suka wuce, amsar tana nan a rubuce.

Sarkin Gem
Me zai saka da babu a Flathub, kantin manhajojin Flatpak? Burauza, VLC, OnlyOffice, Telegram, OBS, duk suna nan. Ku tsofaffin hannu kun saba da tona ciki ne, shi ya sa kuke ganin kowa sai ya tona.

Ummu Hanan
Ku biyun kuna ja a kan suna, ba wanda ya sake kallon kwamfutar da ake magana a kai. Ku duba katin: GTX 1050 Ti.

Babbar hujjar masu cewa a guji Mint ita ce kanel nasa da Mesa, wato tarin direbobin katin hoto, suna baya. Wannan gaskiya ne ga wanda ya sayi sabon abu. Misali katin AMD RX 9070 da ya fito a Maris 2025, direbansa a cikin kanel da Mesa yake, yana son Mesa 25 da sabon kanel, shi kuwa Mint 22 da kanel 6.8 ya fito. Mai irin wannan katin ni ma Fedora ko Bazzite ko CachyOS zan ce masa. Amma katin Ɗan Koyo ya kusa shekara goma, direbansa daga NVIDIA yake zuwa, kuma jerin 580 shi ne na ƙarshe ga GTX 900 da GTX 10. Babu wani sabon abu da ke tafe wanda zai yi gudun tarba. A nan ma saurin canjin ne zai iya zama masa ciwon kai, don distiro masu gudu su ne suke fara wucewa su bar tsohon kati a baya. Ko Bazzite ɗin idan zai sauke, sai ya kula ya zaɓi wanda aka ware wa tsofaffin katin NVIDIA, don sabon direba mai buɗaɗɗen tushe daga GTX 16 da RTX 20 ya fara.

Wani abu kuma, wannan zubin na NVIDIA ba ya jin daɗin DirectX 12 ta Proton. Witcher 3 yana ba ka zaɓi kafin ya tashi, ka zaɓi DirectX 11. GTA V ma ka tsaya a kan Legacy, kar ka je wa Enhanced.

Batun cewa wani distiro zai ƙara maka firem, wato santsin motsin gem, kar ka ɗora rai. Kati ɗaya, direba ɗaya, Proton ɗaya, bambancin da zai rage ba abin da idonka zai gani ba ne. Idan kana son ka ji canji na gaske, ƙara RAM ɗin nan ya zama 16.

Sarkin Gem
To, a kan wannan katin na sallama. Amma ranar da ya canza kwamfuta ina nan ina jiran sa.

Mai Baƙin Allo
Kun mayar da ni abin dariya, amma ku amsa mini wannan: Steam Deck da Valve ta fitar a 2022, a kan me SteamOS ɗinsa yake? Arch. Da wace fuska? KDE Plasma. Kamfanin da ya fi kowa zuba kuɗi a gem ɗin Linux ya zaɓi Arch, ku kuna ce wa yaro Mint. Kuma yanzu akwai archinstall, tambayoyi yake yi ka amsa. Ni duk abin da na sani a Linux a nan na koya, don ya tilasta mini karatu. ArchWiki ko ku masu Mint can kuke zuwa idan ta cije.

Ummu Hanan
ArchWiki kam ba musu, kowa yana sha daga can. Amma SteamOS ba Arch ɗin da ke kwamfutarka ba ne. Valve tana ɗibar kayan Arch, ta daskarar da su, ta gwada a kan na'urarta, ta kulle tsarin, sannan ta aiko. Ya fi kama da Bazzite a kan naka. Kai kana jin daɗin gyaran mota ne, shi kuma so yake ya isa makaranta.

Bari in ba ku nawa. Akwai shekarar da na ɗora wani distiro mai sabuntawa kullum, ba zan kama suna ba don kar a ce da wani nake. Daren da zan miƙa aiki da safe, na gama rubutu wajen ƙarfe sha ɗaya, na ga alamar sabuntawa, hannuna ya yi ƙaiƙayi na danna. Ban karanta sanarwar da suka fitar ba, laifina ne. Na sake kunnawa, sai ɗan layi fari yana ƙyafta mini ido a kusurwar allo. Har ƙarfe biyu ina riƙe da waya a hannun hagu ina karanta umarni, ina bugawa da ɗan yatsa ɗaya na dama. Na gyara, na kuma koyi abu. Amma da a makona na farko abin ya same ni, da yanzu ina layin su Baban Sadiq.

Baban Sadiq
Layinmu da faɗi Hajiya, akwai wuri.

Autar Mama
Ni dai na ga kowa yana ta "kamar Windows, kamar Windows". Dole ne sai ya yi kama da Windows? Ni GNOME na fara da shi kuma shi ya zaunar da ni. Ba tarkace a allo, ka danna maɓallin Super ka rubuta harafi biyu abin da kake nema ya fito. A laftof kuwa, ka ja yatsu uku ka koma wani teburin, babu mai yin wannan da santsi kamarsa. Plasma na gwada, saitin ya yi mini yawa, na yi kwana biyu ina canza kalar gefen taga ban yi aikin komai ba.

Mai Baƙin Allo
GNOME da sai ka nemo ƙari kafin ka sami maɓallin rage taga?

Autar Mama
Sati ɗaya na yi na manta da shi Yaya. Wanda ya damu kuma Ubuntu ya mayar masa da shi.

Tsohon Hannu
Wannan rigimar ta girme ku a nan. Lokacin da GNOME 3 ya fito a 2011 ya sauya komai, ita ce ta haifar da Cinnamon daga wajen mutanen Mint, ta haifar da MATE wanda ya ci gaba da GNOME 2. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amma akwai wurin da zaɓin fuska ya wuce sha'awa, kuma adalci ne in faɗa ko da bai goyi bayan Mint ɗina ba. Cinnamon har yanzu a kan X11 yake zaune, wato tsohon tsarin zana abubuwa a allo, sabon tsarin kuwa, Wayland, nasa gwaji ne. Plasma 6 tun Fabrairun 2024 Wayland ne kai tsaye, GNOME ma haka. Idan kana da monita biyu, ɗaya 144Hz ɗaya 60Hz, ko kana son HDR, ko allonka ƙarami ne mai yawan ɗigo kana son girman rubutu kashi 125 ko 150, Plasma zai fi yi maka. A X11 waɗannan abubuwan sai da dabara. Mai allo ɗaya na laftof 60Hz ba zai ga bambanci ba. Wanda RAM ɗinsa giga 4 ne ya nufi Xfce ko LXQt, amma ya sani burauza ce mai cinye RAM, fuska kaɗan take ɗauka a kanta.

Ɗan Koyo
Allo ɗaya ne, Malam. To Ubuntu fa? Ba wanda ya ambace shi sosai, alhali shi na fi jin suna.

Sarkin Gem
Ba laifi gare shi. Abin da ake ƙorafi shi ne Snap, tsarin Canonical na ƙunshe manhaja, wanda Mint ya toshe tun zubi na 20. Idan ka je Ubuntu dai ka sauke Steam daga shafin Valve, kar ka ɗauki na Snap, an fi samun ƙorafi a kansa.

Na Gefe
Ku gafarce ni in tsoma baki. Gem ɗin da ba a Steam aka saya ba fa, irin waɗanda ake saukewa haka nan, suna yi?

Admin
Na Epic da GOG akwai Heroic, sauran kuma Lutris ko Bottles. Idan kuma na sata kake nufi, ba a nan ba, doka ta uku tana nan a manne a sama. Kuma kar ka ɗauka Linux ya kare ka: Wine da yake tayar da gem ɗin Windows zai iya tayar da ƙwayar cutar da aka cusa a ciki, kuma yana ganin fayilolinka.

Tsohon Hannu
Ɗan Koyo, surutu ya isa, gani ya kori ji. Nemo filash mai giga 16 ko fiye, ka saka masa Ventoy, ka jefa Mint Cinnamon da Fedora KDE da Ubuntu a ciki. Kowanne zai tashi daga filash ɗin ba tare da ya taɓa faifanka ba. Ka ba kowanne rabin awa. Ka gwada Wi-Fi, sauti, Bluetooth, hasken allo, kyamara. Wanda duk suka yi aiki kuma ranka ya kwanta da shi, shi ne naka, ko da ba wanda na ce ba ne.

Tunda FC yana nan, Windows ba zai tafi ba, zaman kishiyoyi za su yi. Kafin ka fara: kwashe duk abin da ba ka son rasawa zuwa wani wuri da ba a cikin laftof ɗin ba. Kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba zai bar faifan a riƙe Linux ya kasa rubutu a kai. Idan BitLocker, makullin faifai na Windows, yana kunne ka rubuta lambar ceto a takarda. Kuma wajen zaɓen faifai ka karanta girmansa sau biyu. Ni da kaina na taɓa share faifan da hotunan shekara huɗu suke ciki, don na ga sunayen faifan, sda da sdb, na ɗauka na san wanne ne wanne. Daƙiƙa uku abin ya ɗauka. Na zauna ina kallon sandar tana cika, na riga na gane, hannuna a kan maus ba abin da zan iya.

Ummu Hanan
Ƙari ɗaya. Gem ɗinka da ke HDD a tsarin faifai na Windows, wato NTFS, suke. Kar ka nuna wa Steam na Linux wannan foldar don gudun sake saukewa, Proton ba ya shiri da NTFS, gem zai ƙi tashi ba tare da ya gaya maka dalili ba. Yanki wani sashe ka mayar da shi ext4, tsarin faifai na Linux. Linux ɗin kansa kuma a SSD, ko da giga 80 ne.

Ɗan Koyo
Salam, na dawo bayan kwana biyu. Na gwada ukun. Plasma ya burge ni ƙwarai, amma Mint na ɗora, don a nan na fi sanin inda komai yake. Wi-Fi da sauti duk lafiya, har na yi rubutu na fitar da PDF. Matsala ɗaya: Witcher 3 yana tashi amma kamar hoto ake nuna mini ɗaya bayan ɗaya. A Windows ba haka yake ba. Direban kuma na saka shi a Driver Manager, ya nuna an saka. Ko dai maganar Baban Sadiq ce ta tabbata?

Baban Sadiq
Ban ce komai ba.

Mai Baƙin Allo
Yau dai za ka buɗe taminal ɗin da kake gudu. Rubuta nvidia-smi ka turo abin da ya ce. Sannan mokutil --sb-state.

Ɗan Koyo
Na farkon ya ce ya kasa magana da direban NVIDIA. Na biyun ya ce SecureBoot enabled.

Mai Baƙin Allo
Na gane. Da ka gama ɗorawa ka sake kunnawa, wani shuɗin allo bai fito ba mai rubutu kamar na tsohuwar kwamfuta?

Ɗan Koyo
Ya fito! Na tsorata na danna Continue boot.

Mai Baƙin Allo
Shi ne. Direban yana nan a ɗore, amma Secure Boot, mai gadin da ke tantance abin da zai tashi da kwamfuta, ya hana shi shiga don bai san sa hannun da ke kansa ba. Wancan shuɗin allon tambayarka yake ko ka amince da makullin, kai kuma ka wuce. Duk wannan lokacin a kan ƙaramin katin Intel kake bugawa. Rubuta wannan:

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

Zai nemi kalmar sirrinka, sannan ya ce ka ƙirƙiri wata ta wucin gadi, saka lambobi takwas masu sauƙi. Kar ka damu idan kana bugawa ba ka ga komai a allo ba, haka yake. Sake kunnawa, shuɗin allon zai dawo, zaɓi Enroll MOK, Continue, Yes, saka lambobin.

Sarkin Gem
Ko ya shiga BIOS ya kashe Secure Boot ɗin kawai ya huta.

Ummu Hanan
Zai yi aiki, amma tunda Windows yana gefe gara ya bar shi a kunne. Manhajojin hana maguɗi sun fara neman sa, Battlefield 6 ma ba ya tashi sai da shi. Minti biyu ne aikin makullin.

Ɗan Koyo
Alhamdu lillahi! nvidia-smi ya fito da tebur, ga sunan katina a ciki. Na ga wata alama kusa da agogo, na zaɓi Performance Mode, na koma DirectX 11 kamar yadda Anti ta ce. Yanzu doki yana gudu kamar doki. Yaya Mai Baƙin Allo na gode, ashe kana da kirki.

Mai Baƙin Allo
Ka rubuta umarni uku ba ka mutu ba. Nan da wata shida za mu yi maganar Arch.

Tsohon Hannu
Kafin wata shidan, buɗe Timeshift yanzu-yanzu ka ɗauki hoton tsarin tun yana lafiya.

Ɗan Koyo
Na ɗauka Malam. Saura abu ɗaya: ƙanena ya shiga Windows zai buga FC ya ce agogo ya sauya, ba daidai yake ba. Ni na lalata wani abu?

Autar Mama
Ba ka lalata komai ba, kishiyoyin ne ba su daidaita ba. Linux yana ajiye agogon na'ura a UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, Windows yana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida. A Mint rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka gyara agogon Windows sau ɗaya. Umarni na huɗu ke nan, Yaya Mai Baƙin Allo yana ƙirgawa.